Tsohuwar Tarakta ko Motar Tono: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Zube Kuɗinka a Jos

Duk shekara da Janairu ta kama sai wayata ta hana ni sakat. Wannan ya sayar da dankali ya tara 'yan kuɗi, wancan an biya shi garatuti, tambayar dai guda ce: tsohuwar tarakta nake so, wacce zan saya? Bana har da ɗan yayata, shi kuma idonsa na kan katafila mai tono, wai ya ga yadda ake rububin hayarta a wajen Rayfield. "Kawu, wata shida ta mayar da kuɗinta," in ji shi. Na ce masa ya ja kujera mu yi lissafi tukuna.

Wanda ya sayi tsohon inji, tare da shi ya sayi makaniken da ya san cikinsa da shagon da ke ajiye kayansa. Idan babu waɗannan biyun a kusa, ƙarfe kawai ka kawo gida. A nan Filato ruwa na sauka tun Afrilu, kuma masu dankali a Bokkos da Mangu da Barkin Ladi duk a 'yan makonni ɗaya suke son a yi musu huɗa. Taraktar da ta kwanta sati uku a lokacin tana jiran famfon mai daga Legas ta riga ta cinye ribar shekara, ko da kuwa a bagas aka same ta.

Shi ya sa idan aka tambaye ni nake fara ambaton Massey Ferguson. Ƙaramar cikinsu, 135, an ƙera ta tsakanin 1964 da 1975, injinta Perkins ne mai silinda uku, ƙarfinta wajen doki 45. Ba ta da ciye-ciye, ba ta shan gas sosai, kuma duk wanda ya iya riƙe sifana zai iya buɗe ta. Amma garma mai faifai biyu ce iyakarta. Ga mai 'yar gonar kayan lambu, ko mai jan tirela da taki da buhuna, ta wadatar. Wanda yake so ya yi haya ya huɗe hekta bayan hekta, 375 ce tasa: silinda huɗu, doki kusan 75, tana jan faifai uku da haro da rija ba tare da nishi ba.

A kan 375 ɗin ma akwai zaɓi biyu, kuma a nan dillalai suke rikita mutane. Akwai 'yar Ingila, wadda aka ƙera a masana'antar Coventry daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa na 1990. Masana'antar ta rufe tuntuni, don haka kowace 'yar Ingila ka gani ta ba shekara 25 baya. Akwai kuma 'yar Pakistan, wadda kamfanin Millat ke haɗawa a Lahore har yanzu. Tsofaffin direbobi sun fi yabon ƙarfen 'yar Ingila, ni ma ina ganin ta fi juriya. Sai dai 'yar Pakistan mai shekara biyar da ba a wulaƙanta ba ta fi 'yar Ingilar da ta ga jiya ta ga yau a hannun direbobi goma. Abin daɗin shi ne kayansu da yawa suna shiga juna, kuma abin da ka rasa a Jos za ka same shi a Kaduna ko Kano, a sa maka a mota ya iso washegari.

Steyr kuwa ta gida ce, a Bauchi aka riƙa haɗa ta tun shekarun 1970, kamar yadda aka riƙa haɗa Fiat a Kano. Gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi sun saye su da yawa a lokacin, shi ya sa har yau za ka ga 768 da 8075 a bayan sakatariya, taya a sace, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu. Ƙarfi kam akwai shi, wanda ya taɓa huɗa da Steyr mai lafiya ba ya mantawa. Matsalarta kayan gyara. Sau da yawa sai an yanka wata a gyara wata, kuma masu yi mata aiki tsufa na cim musu. Idan ka samu biyu a gwanjo, ɗaya mai tashi ɗaya matacciya, ka kuma san dattijon da zai riƙe maka su, bismilla. In ba haka ba, araha ba ta ado. Fiat ta ɗan fi sauƙi, musamman 640 da 80-66, saboda an ci gaba da ƙera danginsu a wasu ƙasashe da sunan New Holland. Ford 6610 ma tarakta ce ta kirki, amma ka fara tambayar makanikenka ko zai iya mata kafin ka tambayi kuɗinta.

Akwai wani abu da mutanen da suka saba da Kano ko Lafiya ba sa sa wa a lissafi. Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200, iskarta ba ta da kauri kamar ta ƙasa. Injin gas da ba shi da tobo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300. Ke nan a nan tudu, fiye da kashi ɗaya cikin goma ya tafi tun kafin garma ta taɓa ƙasa. Ga ƙasarmu mai marmara da tsakuwa, ga gangara. Taraktar da ta yi maka daidai wa daida a Shendam, a Kuru sai ka ga tana baƙin hayaƙi tana neman giya ta ƙasa. Ka sayi mai ɗan rarar ƙarfi. Mai jan taya huɗu kuma sai in fadama ko tudu mai santsi za ka shiga, don gyaran gabanta ba wasa ba ne.

Sanyin Jos kuwa abokin mai saye ne, ni da kaina na koyi haka da tsada. Taraktata ta farko, wani dillali ne ya kai ni ganinta da azahar, ja jawur, fenti na ɗaukar ido, har da sababbin sitika. Ana murɗa makulli ta tashi. Ban kawo komai a raina ba da na ji murfin injin da ɗumi. Na biya, aka kawo ta gida. Washegari da asuba, cikin hunturu, muka yi ta fama har batir ya mutu, sai da samarin unguwa suka tura ta a gangara. Da ta tashi, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe layin. Dattijon makaniken da na kira ya zo ya kwance murfin man juye yana barin injin na aiki, ya ɗora tafin hannunsa a bakin. Iska na bugun hannun nasa kamar tukunya na tafasa.

"Alhaji, wa ya duba maka wannan?"

"Ni na duba, Baba."

"To, ringi da silif sun gama yawo. Fenti ka saya."

Tun daga ranar ba na zuwa ganin inji sai da sassafe, kuma ina gaya wa mai shi kada a tayar kafin na iso. Ina zuwa hannuna ke fara taɓa injin. Idan da ɗumi, sai mu sake rana. Injin da ya tashi da kansa da ƙarfe shida na safe a watan Janairu a Jos ya ci rabin jarrabawa. Daga nan sai hayaƙi: shuɗi na nufin yana ƙona man juye, fari mai daɗewa ko nozul ne ko ruwa na shiga, baƙi kuma sau da yawa matatar iska ce ko famfon mai, wanda ya fi sauƙin magani. Ka zaro ma'aunin mai, idan ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya haɗu da shi. Ka buɗe lagireto tun injin bai yi zafi ba, ka ga ko yana kumfa. Sannan a ɗaura garma, a ɗaga ta sama, a kashe injin, ku tsaya kuna hira minti goma. Idan ta sauko ƙasa da kanta, famfon ɗagawa ko silinsa ya gaji. Agogon awa kada ka yarda da shi, ana canza shi kamar na mota. Ka dubi yadda takalmi ya cinye fedar kuloci da ta birki, su ba sa ƙarya. Tayoyin baya ma ka sa su a lissafi, guda biyu sababbi kuɗi ne mai tayar da hankali.

Tsofaffin nan yawancinsu ba su da ƙarfen kariya a saman direba. A gonar da ke kan gangara tarakta na iya kifewa kafin ka ƙifta ido, kuma yawanci mai tuƙi take dannewa. Idan babu, ka sa a ɗaura mai ƙwari. Ƙarfen nan mai juyawa a baya da ake kira PTO yana zagaye 540 a minti ɗaya, don haka babbar riga da rawani ba kayan zuwa kusa da shi ba ne. Kuma a daina ɗora yara a kan madigadi.

Yanzu ga batun ɗan yayata. Jos ba baƙuwar motar tono ba ce. Kududdufan da ake noman rani da su a Bukuru da Rayfield da Barkin Ladi, manyan injinan haƙar kuza na kamfanonin Turawa irin su ATMN ne suka bar su, masu dogon wuya da guga a jikin igiyar ƙarfe, wasu ma da wutar lantarkin madatsar ruwa ta Kurra Falls suke aiki. Wannan zamani ya wuce. Yau zaɓin mai ƙaramin ƙarfi biyu ne: mai taya irin JCB 3CX, ko mai sarƙa 'yar tan 20 irin Caterpillar 320, Komatsu PC200 ko Hitachi EX200.

3CX ta fito tun 1980, cokali a gaba, hannun tono a baya. Tana tona harsashin gini, ramin masai, hanyar bututu da tafkin kifi, zurfin mita huɗu da 'yan kai, ta juya ta loda tifa, ta kuma kama titi da ƙafarta zuwa aiki na gaba. Waɗanda aka ƙera kafin 2004 yawanci injin Perkins ne a cikinsu, ɗan'uwan na Massey, don haka makanikenka na tarakta ba zai tsaya yana kallonta ba. Mai sarƙa kuwa wata duniya ce. Tana tona fiye da mita shida, tana cin marmarar da 3CX za ta yi ta karta a banza, amma gudunta bai wuce na mai tafiya a ƙasa ba. Duk inda za ta, sai an yi hayar babbar mota mai shimfiɗa ta ɗauke ta, zuwa da dawowa. A aiki mai nauyi lita 15 zuwa 20 take sha a awa. Aikin kwana biyu ba ya biyan kuɗin ɗaukarta. Mai kwangilar hanya ko madatsar ruwa ko ramin yashi na watanni, shi ta dace da shi. Kuma in kuza ko yashi ne a ranka, ka fara mallakar lasisi daga ofishin rajistar ma'adinai da ke Abuja, don an sha kama inji a rami a bar mai shi da zarya.

Idan mai sarƙar ce dole, ni na fi karkata ga 320 ta farko, wadda ta fito a 1992, da B da C da suka biyo ta, saboda famfon mansu na gargajiya ne, yana haƙuri da irin gas ɗin da muke saye a jarka. 320D injinta na zamani ne mai aiki da kwamfuta, ɗan ruwa ko datti a mai sai nozul su tashi aiki, kuɗinsu kuma ba a magana. Komatsu da Hitachi ba su gaza ta a aiki ba, EX200 ma injin Isuzu gare ta mai sauƙin sha'ani, amma kayan Caterpillar sun fi yawa a kasuwa, sabo da na hannu, ga wakilinsu Mantrac.

Gwajinta ba na minti goma ba ne. Famfon haidurolik da ya gaji yana ɓoye aibinsa muddin man na da sanyi. Ka sayi gas da kuɗinka, a sa ta tono na awa guda cur. Idan man ya yi zafi ta fara sanyin jiki, hannu na tashi da ƙyar, famfo ne, kuma shi ne mafi tsada bayan inji. A cika bokiti, a miƙe hannun, a saki sanda, ka ga ko yana zamewa ƙasa. A dafa bokitin a ƙasa a ɗan ɗaga gaban, ka tsugunna ka kalli inda jikin ke juyawa a kan ƙafafun, idan yana ɗagawa yana ƙwas, babban boris ɗin ya tafi. A ɗaga sarƙa ɗaya a juya ta, sannan ɗayar, gudunsu ya zo ɗaya. Ka shafa haƙoran da ke jan sarƙar, idan sun yi tsini kamar na zarto, sauyin ƙafa gaba ɗaya na jiranka. Walda a jikin hannu, musamman wadda aka lulluɓe da sabon fenti, alama ce an fasa dutse da ita, abin da ba a rasawa a garin da duwatsu suka kewaye.

Ɗan yayata dai da muka jera masa kuɗin ɗauka, da albashin afareta, da mai gadi, da watannin damina da ramuka ke cika da ruwa aiki ya tsaya, sai ya yi shiru. Yanzu 375 yake nema, da niyyar in tono ya taso masa ya yi hayar awa. Na ce masa ya ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa don gyaran farko, ya gwada lambar inji da ta jiki da abin da ke takarda, ya karɓi takardar kwastan in 'yar waje ce, ko ta gwanjo in daga hukuma ta fito, kuma a rubuta yarjejeniya gaban shaidu kafin ya ba da ko kafin alƙalami. Ranar Asabar za mu je Mangu ganin wata, mun ce wa Baba makanike ya shirya, za mu ɗauke shi bayan sallar asuba.