Boris ɗin tsakiyar keke yana ƙara: wanne za ka saya?

Wannan ƙarar ƙiƙir-ƙiƙir da take fitowa daga ƙasan keke duk lokacin da ka taka feda tana ci min rai wallahi, amma kafin ka ciro kuɗi ka fara tabbatar boris ɗin tsakiya, wato wanda hannayen feda suke juyawa a kansa, shi ne yake yi. Miƙe tsaye kana tuƙi, in ƙarar ta ɗauke to sirdi ne ko sandarsa. In tana nan, kwance fedojin ka goge ka shafa giris, ka ɗaure notunan farantin sarƙa da na tayar baya. Mutane da yawa a nan matsalarsu take ƙarewa.

In kuma ka sauke sarƙa ka juya da hannu ka ji kamar akwai yashi a ciki, ko hannun feda yana rawa gefe da gefe, to boris ɗin ne, sai ka duba irin ramin da firam ɗinka yake da shi don shi zai zaɓa maka.

Firam mai zare, wanda ake kira BSA, faɗin gidan boris ɗinsa milimita 68 ko 73, shi ne mai sauƙin sha'ani. In boris ɗin tsohon yayi ne mai ƙwallaye a sake, 11 kowane gefe, za ka iya wankewa ka sa sababbin ƙwallaye da giris, arha ne sosai amma ruwa da ƙura suna shiga kuma sai ka riƙa saitawa. Ni dai na fi son rufaffen nan da yake zuwa a dunƙule irin Shimano UN300, ka ɗaura ka manta da shi tsawon shekaru, sai dai ka auna tsawon sandar tsohon, wadda hannayen feda suke ɗaure a kanta, kafin ka saya, in ta bambanta sarƙa za ta karkace. Mai hannun feda na Shimano irin Hollowtech II kuwa kofunan boris da suke zama a wajen firam zai nema, na sanda mai kauri milimita 24. Kuma don Allah a kula, gefen sarƙa zarensa a juye yake, dama ake murɗa shi ya kwance, mutane suna lalata firam a nan.

Inda aikin yake shi ne firam mara zare da ake danna boris a ciki, BB30 mai rami milimita 42, PF30 mai 46, BB86 mai 41. Ramin in bai fita daidai daga kamfani ba sai kofin ya riƙa motsi kaɗan kaɗan, motsin nan shi ne ƙarar, shi ya sa za ka sa sabo irin na da, bayan ɗan lokaci ƙarar ta dawo. Kana iya sa masa gam ɗin Loctite 641 ya cike giɓin, yana taimakawa in ramin bai buɗe sosai ba. Amma da kuɗina ne zan sayi wanda ɓangarorinsa biyu suke ɗauruwa da juna a cikin firam, irin na kamfanin Wheels Manufacturing, ya fi tsada ya ɗan fi nauyi, amma gefen biyu suna zama a layi ɗaya ba sa motsi.

Boris ɗin siramik kuwa ban ba ka shawara ba, kuɗi ne mai yawa kuma ba ya gyara ramin da ya buɗe. Gara ka ƙara ka sayi sifanar da ta dace da kofin, ka goge zaren tas ka shafa giris, ka ɗaure kofunan Hollowtech II na Shimano da ƙarfin ɗauri tsakanin Nm 35 zuwa 50.