Gidan Ɗan Hausa da Abin da Ya Rage na Tsofaffin Sinimun Kano

Mai sha'awar adabi in ya shigo Kano, ya fara da Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa. Nan Hanns Vischer, Bature haifaffen Suwizalan da ake yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna. Shi ya buɗe makarantar boko ta Nassarawa a 1909, a 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko. Yanzu gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha.

Wanda ya zo da tsammanin ɗakin karatu cike da littattafai zai koma da guntun rai, don ginin ne abin kallo. A ɗaga kai a dubi rufin: azara ce aka jera bi da bi, ɗaurin guga ya tallabe ta, shi ya sa ɗaki mai faɗi ya tsaya ba ginshiƙi a tsakiya. Kaurin bangon ke riƙe sanyi ko da tsakar bazara. A leƙa indararo ma. In ya toshe da damina, ruwa ya kwanta a soro, nan ginin ƙasa ke fara lalacewa.

A je da hantsi a ranar aiki, a nemi mai zagayawa da baƙi, domin yawancin labarin a bakinsa yake. A riƙe canji, a kuma nemi izini kafin ɗaukar hoto.

Littattafan kuwa suna kasuwar Kurmi: ƙasidun ajami da littattafan fiƙihu, a tebura da ƙananan rumfuna. Ana tayawa.

Zancen sinima sai haƙuri. Rex, wadda ta fara buɗewa a 1937, da El Dorado a Sabon Gari suke a da, Plaza a Fagge, Orion a Ƙofar Wambai. A zamaninsu yawancinsu filaye ne marasa rufi, sai duhu ya yi ake sa fim. El Duniya kuwa gobarar 1951 ta cinye ta da sama da mutum 300. Mafi sauƙin samu ita ce Palace da ke Jakara, daf da Kurmi, wadda ta koma asibiti. Matashin ɗan adaidaita ba lallai ya san sunan Palace ba, a ce masa Asibitin Jakara.