Ƙafar da ruwa ko ƙara gishiri: inda lissafin biyun ya rabu

Ƙanena, ka ce akwai ruwan gishiri kilo 40, gishirin cikinsa kashi 15 cikin 100, ana so ya kai kashi 20. Ka lissafa ta hanyar ƙafar da ruwa, ka sake ta hanyar ƙara gishiri, amsoshin suka sha bamban, kana tambaya wacce ce daidai. Dole su sha bamban, domin aiki biyu ne daban.

Kafin ka rubuta x, fara raba kayan: gishiri kilo 6, ruwa zalla kilo 34. Sai ka duba wanne ne zai zauna yadda yake.

In tafasawa aka yi ko shanyawa a rana, ruwa ne ke tashi, gishiri na nan kilo 6. In x shi ne nauyin ruwan da za a ƙafar, ka rubuta 0.20 × (40 − x) = 6. Raba 6 da 0.20, ka sami 30, ke nan kilo 10 na ruwa za a ƙafar.

In gishiri za a zuba, ruwan ne ke zaune a kilo 34, kuma a nan yara suka fi tuntuɓe. Sukan ce kashi 20 na 40 ai 8 ne, a ƙara kilo 2 kawai. Sun manta gishirin da aka zuba ya ƙara nauyin haɗin gaba ɗaya. Kilo 8 cikin 42 kashi 19 ne da ɗan ɗoriya, bai kai ba. In y shi ne nauyin gishirin da za a zuba, daidai shi ne 6 + y = 0.20 × (40 + y), sai 0.8y = 2, y ya zama kilo 2.5. Ni na fi son bi ta ruwan: kilo 34 shi ne kashi 80 na sabon haɗin, don haka haɗin kilo 42.5 ne. Ka ga kilo 2.5 na gishiri ya yi aikin ƙafar da kilo 10 na ruwa.

Sai dai ka kula, dukansu suna da iyaka. Ruwa ba ya narkar da gishirin girki fiye da kusan kashi 26 na nauyin haɗin. Da an wuce nan sai gishirin ya fara kwanciya, kuma da haka masu gishirin Bilma suke samun nasu a ramukan da rana ke ƙafarwa. In tambaya ta ce a kai kashi 40, takarda za ta ba ka kilo 25 na ruwa, amma kafin a ƙafar da su gishirin ya riga ya fara taruwa a gindin tukunya.