Rewayan ya san aiki, amma ku sayo hitarku da kanku

Duk mai tsohuwar Hilux mai shan gas, wato dizal, a Jos ya san abin da Disamba ke yi mana. Tawa mai injin 5L ce, da ita nake ɗauko dankali daga Bokkos zuwa kasuwar Farin Gada. Tun da hunturun bana ya kankama ta daina tashi da asuba. Kik na juyawa, farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas na tuttuɗowa ta salansa, amma shiru, sai an tara matasan unguwa an tura. Idan rana ta take kuwa, bugu ɗaya ta kama.

Bakaniken da na saba da shi ko murfin gaba bai ɗaga sosai ba ya yanke hukunci: ring ɗin fistin ya mutu, sai an sauke inji. Kun dai san kuɗin sauke inji yanzu. Kwana na yi ina juyi, domin motar nan ita ce cina, ita ce shana.

Wani abokin lodi ne ya tura ni wurin wani rewaya, mai gyaran wutar mota, matashi ne, rumfarsa ko allo babu. Abin da ya fara burge ni, ya ce kada in kawo ta da rana, in bar ta ta kwana a wurinsa don ya gan ta cikin ciwonta. Da sassafe, hannu na ƙanƙarewa, ya ɗora mita a kan batir: volt 12.6, da aka buga kik kuma bai sauka ƙasa da 10 ba. Ya ce, "Alhaji, batirinka lafiya lau. Kuma da ring ne ya gama yawo, da ka ga tana shan baƙin mai tana shuɗin hayaƙi."

Daga nan ya kwance hita guda huɗun, wato fulogan da ke ɗumama silinda kafin inji ya tashi. A nan na fahimci abin da shekaru ina tuƙi ban sani sosai ba. Injin gas ba shi da fulogin tartsatsi irin na fetur, zafin iskar da fistin ya matse ne ke kunna man. In ƙarfe ya kwana cikin sanyi sai ya shanye zafin, hita ce ke cike giɓin. Fitilar nan mai kamar murɗaɗɗiyar waya a dashbod kuwa tana iya kamawa ta mutu daidai ko da hitar ta ƙone, shi ya sa ban taɓa zarginta ba. Ya jona kowace a batir a gabana. Biyu bakinsu ya yi jajir cikin daƙiƙu kaɗan, biyu ko ɗumi ba su yi ba. Ya kuma danna famfon da ke kan filtar gas ya ji shi laushi, ya bi tiyo har ya gano inda ta tsage tana zuƙar iska cikin dare. Wallahi a lokacin ji na yi kamar in rungume shi.

To, ga inda raina ya ɓaci. Ya ce a canza duka huɗun, na yarda, na ba shi kuɗin orijina cif ba tare da ciniki ba. Ya dawo da su a leda, babu kwali, ya ce a haka dila ke bayarwa. Hunturu bai wuce ba mota ta koma tashi da kakkarwa, silinda ɗaya na rashin kamawa sai ta ɗan yi zafi. Na kira, wayar na shiga ba a ɗauka. Ranar da kayan mutane ke bayan mota, dankali na jiran kasuwa! Wannan ya yi mini ciwo fiye da kuɗin, domin mutumin da ya nuna mini gaskiya da mita bai kamata ya ɓoye mini ita a leda ba.

Da na same shi, gwaji ya nuna ɗaya cikin sababbin ta ƙone. Na je da ƙafata na sayo masu kwali da lamba a jiki, ya ɗaura bai karɓi ko sisi ba, amma har yau bai ce mini komai game da na farkon ba.

Wurin gano matsala ban ga kamarsa ba, kuma zan koma. Sai dai kaya, ku sayo da kanku, ku tsaya a ɗaura a gabanku.