Koton roba na Baby Shad a tafkin Grenada

Shekara uku ke nan ina jefa fatsa a tafkin Grenada na jihar Misisipi a Amurka, kuma ba na rabuwa da Baby Shad, koton roba na kamfanin Bobby Garland, mai inci 2. Kifin crappie da nake nema ya fi son ƙaramin koto, sai na haɗa koton da ƙugiya mai kan dalma, nauyin 1/16 na oza. Ruwan Grenada ruwan laka ne, shi ya sa nake fara ɗaura Baby Shad mai launin da ake kira Electric Chicken, mai ruwan hoda da tsanwa. In ruwa ya kwanta ya yi garau, sai mai launin Monkey Milk, kamar madarar da aka sirka da ruwa. Siririyar wutsiyarsa kuwa, ko hannuna bai motsa ba tana kaɗawa.