Gargaɗi kan masu karɓar kuɗi da sunan ƙirƙirar wasan bidiyon Hausa a Legas

Ina kira ga 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Legas, musamman matasan Agege da Idi-Araba da Mile 12 da abokan sana'ata masu gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja, da kada su ƙara tura ko sisi ga wani matashi da yake yawo a zaurukan WhatsApp yana tara kuɗi da sunan zai ƙirƙiri wasan bidiyo na binciken laifuka, mai zane irin na Japan da ake kira anime, wanda duk maganganun cikinsa za su kasance da Hausa. Ba zan kama sunansa ba, domin mun riga mun kai ƙara kuma magana tana hannun hukuma, amma zan bayyana yadda yake aikinsa dalla-dalla yadda duk wanda ya gamu da shi zai gane shi.

Ɗan yayata ne ya kawo mini maganar. Yaro ne mai son zane tun yana firamare, kuma ya san irin waɗannan wasanni fiye da ni nesa ba kusa ba. Ya same ni a shago da yamma, ya miƙo mini wayarsa ya ce: "Kawu, kalli wannan, yau dai an yi namu." Bidiyo ne na minti biyu. Wani saurayi mai manyan idanu, sanye da kaftani da hula zanna, yana tsaye a ƙarƙashin gada da dare ana ruwa, sai ga rubutun Hausa yana fitowa a ƙasa yana cewa motar tumatir ta taso daga Kano ta ɓace kafin ta iso Mile 12, kuma mai wasa shi ne zai bi sawu, ya tambayi shaidu, ya tattara hujjoji, ya kama mai laifi cikin ƙarya. Gaskiya ta burge ni. Wanda ya shekara ashirin a garin nan bai taɓa ganin yarensa a irin wannan abu ba, dole zuciyarsa ta motsa, kuma da wannan kishin harshen ne mutumin ya kama mu.

Tsarin da ya shimfiɗa yana da hawa-hawa. Wanda ya ba da naira dubu 5 za a rubuta sunansa a ƙarshen wasan, mai dubu 20 zai samu wasan kyauta ranar da ya fito, mai dubu 100 kuwa za a zana fuskarsa a sa shi cikin mutanen labarin. Har nan babu abin zargi, domin haka masu ƙananan wasanni suke yi a ƙasashen waje idan suna neman gudunmawar jama'a. Sai kuma hawa na ƙarshe, wanda ya kira hannun jari: ka zuba dubu 250, a riƙa ba ka riba kowane wata tun kafin wasan ya fito, idan kuma ka kawo mutum uku a ƙara maka wani kaso. Ni dubu 20 na bayar. Ɗan yayata ya kwashi kuɗin da yake tarawa don sayen kwamfuta ya shiga hawan ƙarshe ba tare da ya shawarce ni ba, kuma watan farko an turo masa ribarsa cif, shi ya sa ya ja abokansa biyu.

Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne maganar Kickstarter, wani shafin intanet da masu ƙirƙira ke neman gudunmawar jama'a a kai. Mutumin ya ce a can ya buɗe gidauniyar, ya kuma turo hoton shafin da ke nuna an kusa cika adadin da ake nema, amma ya ce tunda katin naira yana ba da wahala wajen biyan dala, kowa ya tura kuɗinsa asusunsa shi zai shigar a madadinmu. Uzurin ya shiga kunne, saboda kowa ya san bankunanmu sun taɓa taƙaita amfani da katin naira a shafukan waje. Sai dai da na zauna na karanta ƙa'idojin shafin da kaina, na ga babu abu ɗaya da ya yi daidai da abin da yake faɗa. Kickstarter, wanda aka buɗe a Amurka a 2009, ba ya cire kuɗi daga katin mai ba da gudunmawa sai ranar da wa'adi ya cika kuma an kai adadin da aka sa. Idan ba a kai ba, ba a taɓa kuɗin kowa. Wa'adin kansa ba ya wuce kwana 60, alhali mutumin nan ya shafe wata biyar yana karɓa. Sannan shafin ya haramta wa masu neman gudunmawa yin alkawarin hannun jari ko rabon riba, abin da kawai ake yarda da shi shi ne tukuici irin su kwafin wasan ko sa suna. Da na ce ya turo mini adireshin shafin in shiga da kaina, sai ya sake turo hoton nan dai, ya ce adireshin yana hannun abokin aikinsa da ke Ingila.

Ko a gidauniya ta gaskiya ma, ya kamata a sani, mai ba da kuɗi ba sayayya yake yi ba. Wasanni da yawa sun karɓi gudunmawa sun yi shekaru ba su fito ba, wasu sun fito ba yadda aka yi alkawari ba, ba don masu su ɓarayi ne ba sai don aikin ya fi ƙarfinsu. Amma irin waɗannan suna da abin nunawa, wannan kuwa ba shi da komai.

Na gane haka ne ranar da na matsa masa ya ba mu ɗanɗanon wasan mu gwada. Ya turo wani fayil, ɗan yayata ya buɗe a gabana a kan teburin gyara, ya riƙa danna fuskar wayar yana jiran saurayin ya motsa, ashe bidiyo ne kawai, ba abin da ke amsa taɓawa. Na ce ya tsayar da shi a daidai wurin da ake nuna ofishin mai binciken. A bangon ofishin akwai kalanda, kuma da muka zuƙo hoton sai ga rubutun Japananci a jikinta, ga kuma tabon wurin da aka goge wani tambari a kusurwar dama. Muka ɗauki hoton muka sa a Google Lens, manhajar da ke nemo asalin hoto a intanet, nan take ya nuna mana wasan wasu mutane daban da ya daɗe da fitowa, an yanko ɗakin an ɗora saurayin mai hula a kai. Shi kansa saurayin, a wani hoton yatsunsa shida ne, a wani kuma aikin wuyan kaftaninsa ya canza, alamar da ƙirƙirarriyar basira aka haɗa shi cikin 'yan mintuna. Yaron ya ajiye wayar ya yi shiru, daga baya ya ce: "Kawu, ni fa na kawo abokaina cikin abin nan." Wannan ya fi kuɗin ci masa rai.

Abin takaicin shi ne irin wannan wasa ba ya cikin masu wahalar nuna somin-taɓi. Akwai manhajar Ren'Py, kyauta ce, an yi ta ne domin wasannin labari masu hoto da rubutu, kuma mai aiki da gaske zai iya haɗa babi ɗaya da ita ya ba mutane su taɓa. Buɗe wa wasa shafi a Steam, kasuwar sayar da wasannin bidiyo ta intanet, dala 100 ne. Mutumin da ya karɓi kuɗin mutane na wata biyar ba shi da babi ɗaya, ba shi da shafi, ba ya iya nuna mai zane ko mai rubuta manhaja ko ɗaya da yake aiki da shi, kuma sunan kamfanin da yake bugawa a kan rasit, da na bincika a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, bai fito ba. Asusun da ake tura kuɗin ma na mutum ɗaya ne, kuma sunan da ke fitowa idan za a tura ba shi ne sunan da ya gabatar da kansa da shi ba.

Ta fuskar doka kuma, tun Janairun 2021 hukumar kula da hannayen jari ta SEC ta fitar da ƙa'idojin tara jari daga jama'a ta intanet, inda ta wajabta cewa duk mai neman a zuba masa jari don riba sai ya bi ta shafin da ke da rajista da hukumar. Sabuwar dokar zuba jari ta 2025 kuma ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu tsarin biyan tsofaffin mahalarta da kuɗin sababbi. Ribar da aka ba ɗan yayata a watan farko daga aljihun abokansa ta fito, domin wasan da bai fito ba babu inda zai samar da riba. Wanda ya ga yadda MMM ta rufe asusun mutane a Disamban 2016, ya kuma ga na CBEX a Afrilun 2025, dukansu tsare-tsaren zuba kuɗi ne irin wannan, ya san hanyar. Rigar anime kawai aka sa mata a wannan karon don a kama yaran da waɗancan ba su kama ba.

Yanzu ya rufe zauren yadda shi kaɗai ke iya rubutu, kuma ya fara bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana cewa za a mayar wa kowa kuɗinsa idan ya biya dubu 15 na sarrafa takardu. Kada kowa ya biya. Wanda abin ya shafa ya adana rasit ɗin tura kuɗi da lambar asusun da hotunan hirarrakinsu kafin a goge, ya sanar da bankinsa a rubuce, sannan ya kai ƙorafi ofishin EFCC da ke titin Awolowo a Ikoyi, ko sashen 'yan sanda na musamman kan damfara da ke titin Milverton, shi ma a Ikoyi. Mu bakwai ne muka je tare, kuma an ce mana yawan masu ƙorafi a kan asusu ɗaya yana taimaka wa bincike, don haka waɗanda kunya ta hana su magana su daure su fito.

Wani ɗan'uwa mai sayar da albasa ya nuna mini saƙon da aka turo masa a makon jiya daga wata sabuwar lamba. Bidiyon nan ne dai, gada da ruwan sama da saurayi mai hula, sai dai an canza rubutun ƙasa: yanzu tirelar shanu ce ta ɓace a hanyarta ta zuwa mayankar Oko-Oba, kuma lambar asusun da aka sa ta wani banki ce daban.