Munik ko Bolonya: wacce za ka zuba ƙarfinka a kai?

Wani ɗan'uwanmu ya gama digiri na farko, yana son yin na biyu da Turanci a Turai, ya kuma tambaya wacce ta fi sauƙin nema tsakanin Jami'ar LMU da ke Munik a Jamus da Jami'ar Bolonya a Italiya. Malam, duka biyun manya ne, na gwamnati ne, amma inda kowacce take kayar da mai nema daban ne.

LMU ba ta bi ta uni-assist, cibiyar da ke tantance wa jami'o'in Jamus da yawa takardu. Kai tsaye ake nema, kuma a wuri biyu: sashen da ke koyar da kwas ɗin, da ofishin ɗaliban waje. Ofishin yana rufewa 15 ga Yuli don zangon da ke farawa a Oktoba, amma sassa da dama suna rufe tasu ƙofar tun watanni kafin nan. A nan ake yawan faɗuwa: mutum ya riƙe Yuli a ka, ya zo ya tarar sashe ya gama zaɓe. Kuma darasi-darasi suke bin takardar sakamakonka. In kwas yana son lissafi mai yawa kai kuwa kaɗan ka yi, maki mai kyau ba zai cece ka ba.

A Bolonya kowane kwas da tasa sanarwar, galibi zagaye-zagaye ake ɗauka, kuma guraben waɗanda ke zaune wajen Tarayyar Turai ƙididdigaggu ne, don haka zagayen farko za ka nema. Samun gurbi ba shi ne ƙarshe ba. Sai ka yi rajista a Universitaly, shafin intanet na gwamnatin Italiya don masu neman jami'a, jami'a ta amince, sannan ofishin jakadanci ya saurare ka kan biza. Za a kuma nemi shaidar darajar digirinka, ko daga ofishin jakadancin Italiya ko daga CIMEA, cibiyar tantance takardun karatu ta Italiya, kuma kowacce tana cin makonni.

Kuɗi ne ainihin mararrabar. LMU ba ta karɓar kuɗin karatu sai ɗan abin da ake biya duk zango na hidimar ɗalibai. Kada ka haɗa ta da maƙwabciyarta TUM, Jami'ar Fasaha ta Munik, wadda tun ƙarshen 2024 take karɓar Yuro 4,000 zuwa 6,000 duk zango daga 'yan waje masu digiri na biyu. Amma Jamus tana son ganin guzurinka tun kafin biza: Yuro 11,904 a rufaffen asusu, bisa adadin da aka tsayar a 2024, ana sakar maka 992 duk wata. A Munik, inda haya ta fi ko'ina tsada a ƙasar, ɗaki kaɗai yana iya lashe fiye da rabin wannan.

Bolonya tana karɓar kuɗin karatu, sai dai ana rage shi gwargwadon ƙarfin iyali. ER.GO, hukumar taimakon ɗalibai ta yankin da Bolonya take, kuma tana ba da tallafi bisa buƙata: yafe kuɗin makaranta, kuɗin kashewa, wani lokaci har da ɗaki. Wannan ne ya sa muke karkata ga Bolonya ga mai ƙaramin ƙarfi, amma da sharaɗi. Takardun kuɗin shigar iyali, kadarori da yawan mutanen gida dole hukuma ce ta fitar da su, a tabbatar da hatiminsu, a fassara su zuwa Italiyanci. Hatimi ɗaya ya ɓace, an fitar da kai daga jerin. Kuɗin ma ba ranar saukarka suke zuwa ba, watannin farko daga aljihunka ne. In kuma ba ka ci adadin darussan da aka gindaya zuwa 10 ga Agusta ba, tallafin yana iya tsayawa, har a ce ka mayar da abin da ka karɓa.

Aiki lokacin karatu kuwa: Jamus ta yarda da cikakkun kwanaki 140 a shekara, Italiya awa 20 a mako. Bayan kammalawa Jamus tana ba da wata 18 na neman aiki, na Italiya bai wuce shekara ba.

To in za ka iya haɗa kuɗin asusun nan, kuma darussanka sun dace da kwas ɗin, nemi LMU. In ba haka ba, Bolonya, kuma ka fara da takardun iyali tun kafin sanarwa ta fito, domin su ne suka fi jan lokaci. Ranar da ka sauka Italiya kana da kwanakin aiki 8 kacal ka miƙa neman izinin zama ta gidan waya.